Kwamfutar shago ba ta kama Wi-Fi ɗin cikin gida: wace adafta zan saya?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Na gama difloma aiki bai samu ba, sai yayana da ke Kaduna ya aiko mani da kwamfutar tebur ta hannu, HP, irin siririn akwatin nan mai kwanciya, da firinta, ya ce in buɗe shagon ƙofar gidanmu in riƙa buga takardu da cike wa mutane fom a intanet. Kwamfutar ba ta da Wi-Fi. Rautar gidan, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, tana falon Hajiya, tsakaninta da shagon akwai tsakar gida da zaure da bango biyu, ɗaya na ƙasa ne tun ginin kakanmu. Na sayi 'yar adaftar USB ɗin nan da ba ta fi farce ba na soka a bayan akwatin. Tana kamawa amma kullum cikin yankewa take. Ranar nan ina tsakiyar biya wa wani dattijo kuɗin makarantar ɗiyarshi ta katse, hankalinmu bai kwanta ba sai da muka tabbatar kuɗin sun shiga. Na faɗa wa Yaya, ya ƙara turo kuɗi ya ce wannan karon in sayi ta ƙwarai. Mai shagon da na je ya ce in ɗauki kati mai Wi-Fi 6 da ake sawa a cikin kwamfuta, amma kuɗinsa ya cinye duk abin da aka turo har da ciko. Abokina kuma ya ce duk ɗaya ne, in ƙara sayen mai araha. Ina jin nauyin Yaya, ba na so in koma mashi karo na uku. Me zan saya?

Daga ƙaninka a Katsina.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa shago albarka, ya saka wa yayanka da alheri.

Ka maida kuɗin nan aljihu tukuna. Da mai shago da abokinka duk sun amsa maka tambaya ba tare da ɗayansu ya taka ƙafa ya ga inda kwamfutar take ba, alhali amsar tana can, tsakanin falon Hajiya da teburinka. Akwai gwajin da za ka yi yau da wayarka, ko sisi ba zai ci ba, kuma shi zai nuna maka abin saye.

Ka haɗa wayar da Wi-Fi ɗin gidan, ka tsaya kusa da rautar, ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan auna gudun intanet kamar fast.com ko Speedtest, ka rubuta lambar da ta fito. Ka fito zaure ka sake. Ka shiga shago ka ɗora wayar a kan tebur ka sake. Na ƙarshe, wanda shi ne ya fi muhimmanci, ka durƙusa ka kai wayar bayan akwatin kwamfutar, daidai inda 'yar adaftar take soke, ka auna a nan. Ka yi wannan da safe, ka maimaita bayan isha'i lokacin da duk unguwa ke kan layi. Ina kyautata zaton za ka ga sabis ya faɗi sau biyu: da ka ƙetare bangon ƙasan nan, da kuma lokacin da ka sauka bayan akwatin. Faɗuwa ta biyun ce mutane ba sa lura da ita. Akwatin kwamfuta ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tare siginal, ga bango a bayansa, ga ƙofar shago ita ma ta ƙarfe, ga rufin kwano a sama. Ka ɗauki na'urar da eriyarta ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba ka cusa ta a lungun da ya fi ko'ina muni a ɗakin. Ba jabu aka sayar maka ba, lallai. Irin waɗannan ƙananan, kamar TL-WN725N ta TP-Link, an yi su ne don laftof da ke ɗaki ɗaya da rauta, kuma a can suna aikinsu. Ga su da ɗaukar zafi don ba su da jikin da za su fitar da shi, kuma ka san yadda shago mai rufin kwano yake a Katsina a watan Afrilu.

Abu na biyu da za ka lura da shi: duk lokacin da kwamfutar ta yanke, ka duba wayarka nan take. In wayar tana kan Wi-Fi ɗin gidan kuma shafuka suna buɗewa, to laifin na adafta ne ko wurin da take. In ita ma wayar ta tsaya cik alhali alamar Wi-Fi cike take, to sabis ɗin kamfanin layi ne ya tafi, in kuwa alamar ta ɓace, to wataƙila an ɗauke wuta ne rautar ta mutu tana tashi. Wannan babu adaftar da za ta gyara shi, ko ta nawa ce. Da yawa sun zuba kuɗi a kan kwamfuta alhali ƙaramin batirin da zai riƙe rauta in wuta ta ɗauke shi ne maganinsu.

Yanzu ka kifa rautar ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Abin da kake nema shi ne ko tana watsa siginal a zango ɗaya, 2.4 GHz, ko a zango biyu, wato da 5 GHz. Yawancin ƙananan MiFi, wato 'yan rautocin aljihu, da rautocin 4G masu sauƙin kuɗi da kamfanonin layi ke sayarwa 2.4 kaɗai gare su. In kuwa wayarka tana ganin sunan gidanku sau biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa, to mai zango biyu ce, kuma wannan 5G ɗin ba shi da alaƙa da 5G na layin waya da MTN ta fara a Najeriya a 2022. Zangon 5 GHz ya fi gudu kuma ba cunkoso, amma bango yana cinye shi da wuri. Da bangon ƙasa mai kaurin kamu ɗaya da wani na bulo a tsakani, da wuya ya iso shagonka da sauran ƙarfi. Kai a 2.4 za ka zauna, ko ka so ko ka ƙi.

Wannan ya kawo mu kan katin mai shago. Wi-Fi 6 gaskiya ne, ba yaudara ba ce. Tun 2019 aka fara ba na'urori shaidarsa, bayan Wi-Fi 5 na wajen 2013 da Wi-Fi 4 na 2009. Katin da ke ɗauke da guntun (chip) Intel AX200 kaya ne mai kyau, ni ma in an tambaye ni kati mai inganci shi zan ambata. Amma Wi-Fi hira ce tsakanin na'ura biyu, kuma da yaren wadda ta fi tsufa ake yinta. In rautar Hajiya Wi-Fi 4 ce, katinka na Wi-Fi 6 zai sauko ne ya yi Wi-Fi 4, ka biya kuɗin abin da ba za ka taɓa amfani da shi ba. Bayan haka ma akwai wani shinge, wato gudun da layin waya ke kawowa gidan tun farko. 4G a cikin gari sau da yawa bai wuce 'yan gomomin megabit ba (megabit shi ne ma'aunin gudun intanet), da daddare ma ya kan faɗi ƙasa da haka. Lambar da ka rubuta a falo ita ce iyakarka. In famfon titi ɗigo yake yi, faɗin tiyon da ka ja zuwa randa ba zai cika ta da wuri ba.

Kada lambobin kwali su ruɗe ka. In ka ga AC1200, an haɗa 300 na zangon 2.4 da 867 na zangon 5 ne aka cike lissafi, kuma kwamfutarka zango ɗaya take hawa a lokaci guda. AC600 kuwa 150 ko 200 ne da 433. Su ma waɗannan lambobin na ɗakin gwaji ne, abin da ke isowa hannu yakan tsaya wajen rabi ko ƙasa, kuma megabit ne, sai ka raba da 8 kafin ka sami megabait ɗin da kake gani in kana sauke fayil. Cike fom da buga sakamakon jarrabawa da tura hoton fasfo ba sa buƙatar ko megabit 10. Abin da aikinka yake so shi ne layin da ba ya yankewa na minti biyar ɗin da ake biyan kuɗi. Wannan kuwa eriya da wurin ajiyarta ke bayarwa, lambar kwali ba ta da hannu a ciki.

Kafin in gaya maka adaftar da za ka saya, bari in faɗi abin da ni zan yi da shagon nawa ne. Ka duba bayan rautar. In ta tebur ce ba MiFi ta aljihu ba, akwai yiwuwar tana da ramin kebul na LAN, irin wanda ke bayan kwamfutarka, don duk kwamfutocin ofis irin taka da shi suke zuwa. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da ya gaza ba, gidanku kuwa daga falo zuwa ƙofa da wuya ya kai rabin haka. Masu sayar da kayan kwamfuta suna yanka shi da mita su matse maka kawunan biyu. Ka bi da shi jikin bango da ƙusoshin kebul, inda zai ratsa tsakar gida ka sa shi cikin siririn bututun roba saboda rana da ɓeraye, in hadari ya taso da tsawa a damina ka zare shi. Ba neman direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura), ba zafi, ba ruwansa da bangon kakanku. Na san abin da zai hana: Hajiya ba za ta so a huda mata bango ko a ja igiya ta tsakar gidanta ba. Ka je ka zauna ka yi mata bayani da kanka, ka nuna mata ta saman taga za a bi, ba huji. Iyaye mata sun fi saurin yarda da abin da ya shafi sana'ar ɗansu fiye da yadda 'ya'yan ke zato. In ma ba kebul ba, roƙon a matsar da rautar daga bayan talabijin zuwa taga mai kallon zaure, a ɗaga ta sama da tsayin mutum, yana iya yin abin da adafta mai tsada ba za ta yi ba. Sai dai ka auna bayan an matsar, don ita ma rautar tana da wurin da ta fi kama layin waya.

To in kebul bai yiwu ba, ga abin saye: adaftar USB mai doguwar eriya a waje, da kebul ɗin ƙarin tsawo na USB na mita biyu ko uku. Irin Archer T2U Plus ko T3U Plus na TP-Link, ko takwarorinsu na Tenda da sauran kamfanonin da ke da shafin da ake sauke direba. Dukkansu zango biyu suke kamawa, saboda haka ko an sauya rautar gidan gaba ba ka yi asara ba. Kebul ɗin ƙarin tsawon kada ka raina shi, shi ne rabin maganin. Da shi za ka ciro adaftar daga bayan ƙarfe ka rataye ta sama, a bangon da ke kallon cikin gida, ko bakin 'yar tagar da ke buɗewa zaure in akwai, a wurin da wayarka ta nuna sabis ya fi ƙarfi. Eriyar a tsaye, kamar yadda ta rautar take. Kada tsawon ya wuce mita 5, nan ne iyakar USB 2.0. Kai, tun kafin ka sayi sabuwa ma, ka fara sayen wannan kebul ɗin ka gwada da 'yar ƙaramar da ke hannunka. Ba zan yi mamaki ba in yankewar ta ragu sosai, kuma ko ba ta wadatar ba kebul ɗin dama kana buƙatarsa.

Akwai wani abu da masu gyara da yawa ba su sani ba. Ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe, yana fitar da hayaniyar lantarki daidai zangon 2.4 GHz, Intel da kanta ta fitar da takarda a kan haka a 2012. Tunda kai a 2.4 kake, ka soka adaftar a baƙin rami na USB 2.0, gudunsa na megabit 480 ya fi ƙarfin abin da rautarku za ta kawo, kuma ka nesanta ta da filashi ko hard disk ɗin waje da ke soke a shuɗin. Sannan ka shiga Device Manager a Windows, ka nemo adaftar, a shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ta don tattalin wuta. Wannan 'yar alamar kaɗai tana sa adafta ta riƙa ɓacewa tana dawowa.

Katin ciki fa, a manta da shi ke nan? A'a, yana da ranarsa. Ba ya zafi kamar na USB, ba mai fizge shi ya sa aljihu a shagon da jama'a ke shige da fice, kuma eriya biyu gare shi. In wata rana ka ɗauki rauta mai Wi-Fi 6 ta shagon kanta, ko aikinka ya koma ɗora bidiyo, sai a yi maganarsa. Amma ko a ranar akwai tarko uku da ke jiran mai irin akwatinka. Siririn akwati yana buƙatar gajeren ƙarfen ɗauri, dogon da ke jikin katin ba zai bari murfi ya rufu ba, saboda haka sai ka tabbatar gajeren yana cikin kwali. Bluetooth ɗin katin ba ta ramin PCIe da ake soka katin yake bi ba, wata 'yar igiya ce ake sokawa a fil tara na USB a kan allon kwamfutar, kuma ƙananan HP da Dell na ofis ba duka ke da wannan wurin a sake ba. Na uku, in eriyoyin a jikin katin suke ɗaure, sun koma bayan ƙarfen nan da muke gudu, sai ka nemi mai eriya a kan gindi da igiya. Kuma in kwamfutar Windows 7 aka ɗora mata, AX200 ba shi da direbanta sam, daga Windows 10 mai 64-bit ya fara. In ma 7 ɗin ce ka sauya ta, Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, bai kamata a riƙa shigar da katin bankin mutane a kanta ba. Windows 10 ɗin ma an rufe tallafinta na yau da kullum a Oktoban 2025, sai ka sa wannan a lissafinka na gaba.

Maganar direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. Sau da yawa faifan CD ake sakowa a kwali, kwamfutar kuma ba ta da wurin sa shi, ko Windows ta ce sai ta hau intanet ta ɗauko, intanet ɗin da ba ta da shi. Mafita tana aljihunka. Ka haɗa wayar Android da kwamfutar da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, ka kunna USB tethering a saitin wayar, kwamfutar za ta hau nan take. Ka sauke direban daga shafin kamfanin da ya yi adaftar, ba daga shafukan da ke cewa za su gyara maka duk direbobi kyauta ba, yawancinsu tarkace suke cusawa. Ka duba lambar bugu da ke jikin kwali, V1 ko V2 ko V3, don suna ɗaya yana iya ɗaukar guntu daban. TL-WN722N misali ce sananniya: bugun farko guntun Atheros ne, waɗanda suka biyo baya Realtek. Wannan dabarar ta wayar kuma ka riƙe ta ko bayan ka gama saye. Duk ranar da za ka biya wa wani kuɗi mai nauyi kuma ka ga sabis ɗin gida yana rawa, ka soka wayar ka yi da datarka. 'Yan megabait ne, ba za su kai tashin hankalin da kuka sha da dattijon nan ba.

Wurin saye, a nan Katsina za ka samu, ba sai ka hau motar Kano don Farm Centre ko Beirut Road ba, kuɗin mota zai cinye ragin. Abin da ya fi ragin ƙima shi ne mai shagon da za ka iya komawa wurinsa. Ka sa a buɗe kwalin a gabanka a gwada a kwamfuta, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan kayan, ku yi magana a fili cewa in ka kai shago ba ta kama ba za ka dawo da ita a canza. Ka guji marasa suna masu kwali ɗauke da lambobi masu ban tsoro da eriya har huɗu a farashin ƙosai, akwai waɗanda eriyar roba ce zalla ba waya a ciki. Araha ba ta ado, a nan abokinka ya kuskure, don ba duka ɗaya ba ne. Ita kuma na'urar ƙara zango da ake sokawa a soket, wadda na tabbata wani zai kawo maka shawararta, tana raba gudun kusan biyu kuma ita ma sai an ajiye ta inda siginal yake da ƙarfi, wato zaure, ga ta tana mutuwa in an ɗauke wuta. Ka bar ta a matsayin zaɓin ƙarshe.

Saura Yaya. Nauyin da kake ji alama ce ta tarbiyya, amma kada ya tura ka sayen mafi tsada don kawai a ce ka bi umarni. Da ya ce ka sayi ta ƙwarai, nufinsa wadda za ta yi aiki. Ka ɗauki hoton lambobin da ka auna a falo da zaure da shago ka tura masa, ka ce Yaya ga abin da na gano, ga abin da zan saya, ga canjin da zai rage. Mutumin da ya fitar da jari ya fi son jin irin wannan fiye da ganin kwali mai ƙyalli. Canjin kuma ka nemi izininsa ka sa shi a batirin rauta, ko ka fara tara na ƙaramar rautar shagon da layinta daban. Don gaba kaɗan wata rigimar na zuwa: shago zai riƙa shanye datar da ƙannenka mata ke kallo da ita, ko su su shanye ta ranar da kake da layin masu cike fom, kuma bai dace kwastomomi su riƙa roƙonka lambar sirrin Wi-Fi ɗin falon mahaifiyarka ba. Ranar da ka ajiye rauta a kan shiryayyen shagon, kebul na mita biyu ya ishe ka. Kafin ka sayi layin, ka ari wayoyin abokai masu MTN da Airtel da Glo ka auna kowanne a cikin shagon da ƙofa a buɗe da kuma a rufe, ka ɗauki wanda ya fi tsayawa da daddare.